Duktur na son sunayen masu toyi, ga kawuna a ciki

Wasiƙar wannan satin doguwa ce sosai, na rage ta, na kuma cire sunan ƙauye da na gandun da na ma'aikatar kamar yadda mai ita ta roƙa.

"Assalamu alaikum Gwaggo. Dan Allah a sakaya sunana. Ni 'yar wani ƙauye ce a yankin Gadarif na ƙasar Sudan, na karanta ilimin zamantakewar al'umma a Khartum har digiri na biyu, yaƙi ya koro mu gida. Bara Allah ya sa na samu aikin kwantiragi a wani bincike kan gobarar daji a kewayen wani gandun gwamnati. Ni ce mai shiga ƙauyuka ina hira da manoma da makiyaya da masu ɗiban zuma, saboda ina jin Hausa da Larabci da ɗan Fulatanci. Duk wanda na zauna dashi sai da na mishi alkawari sunanshi bazai fita ba, shi yasa suka saki jiki, wasu har suka faɗa min inda suke sa wuta da lokacin da suke sawa, na naɗi muryoyinsu a waya. A cikinsu akwai kawuna ƙanin mamata, mai ɗiban zuma ne, kuma da bakinshi ya ce min wutar da ta ci wani yanki na gandun daga hannunshi ta kuɓuce.

Yanzu Duktur da ke shugabantar binciken ya ce in kawo mishi cikakken jerin sunaye da ƙauyuka, wai masu kula da gandun suna so, kuma in ba'a basu haɗin kai ba baza su sabunta mana izinin shiga ba. Na ce mishi nayi alkawari, ya ce ni ƙaramar ma'aikaciya ce bayanan na binciken ne ba nawa ba. Ga shi kuma naga daftarin takardar da za'a buga, sunana baya cikin marubuta, a ƙasa aka sa ni wajen godiya. Baba ya ji ƙishin-ƙishin ya ce in ajiye aikin kafin in jawo mana abin da yafi ƙarfinmu, dama shi bai taɓa gane me nake yi ba, cewa yake nayi karatu shekara da shekaru na ƙare a yawon tambayar mutane. Yayana da ke Jidda ya ce in taho ya nema min wani abu. Wallahi ina son aikin nan Gwaggo, shi ne na farko da na samu a fannina, kuma nima naga ɓarnar da wutar ke yi da idona. In na bada sunaye na ci amana, in na hana zan rasa aiki, in nayi shiru daji na ƙonewa. Ya zanyi?"

Wa alaikissalam 'yata, sannu da wannan nauyi. Bari in fara da wanda bashi da kwana-kwana, kar ki bada sunayen nan. Ko na kawunki ko na wani bafulatanin da baki haɗa komai dashi ba, duk hukuncinsu ɗaya ne. Sauran maganganun, na Duktur da na Baba da na Jidda da na sunanki a takarda, duk akwai ja-in-ja a cikinsu kuma zamu bi su a hankali, amma wannan kam na gama yanke miki.

Mutanen nan basu buɗe miki ciki dan kina da katin aiki a wuya ba, sun buɗe ne dan ke 'yar wane ce, kin gaishe su da harshensu, kin zauna a tabarmarsu kin sha jabana wato gahawa, kin kuma ce magana a nan zata tsaya. Akwai hadisin da ya zo cewa idan mutum ya faɗa maka magana sannan ya waiwaya, toh wannan maganar amana ce, balle ke da kika furta alkawarin da bakinki. Kuma ba addini kaɗai ba, ƙa'idar aikin naku kenan a ko'ina a duniya, mai bincike baya miƙa wanda ya yi hira dashi ga hukumar da zata iya kama shi ko ta ci shi tara. Maganar Duktur cewa bayanan na binciken ne tana da ƙanshin gaskiya, galibi ma'aikata ce ke mallakar abin da aka tattaro, sai dai alkawarin da kika ɗauka ma da sunan binciken kika ɗauke shi, kinga kenan ya hau kanshi shima, bazai karɓi bayanan ya bar miki alkawarin ke kaɗai ba. Wuri ɗaya ne zan ce miki shiru bai halatta ba, in wani ya faɗa miki yana shirin cinna wa gonar wani ko rugar wani wuta da gangan, wannan rai ne da dukiya a gaba, sai ki sanar da wanda zai hana. Amma labarin wutar da ta riga ta wuce bai shiga nan ba.

Toh Duktur fa? Bana son ki ɗauke shi azzalumi tun yanzu. Mutumin nan yana tsakanin masu bada kuɗi da ke jiran rahoto da masu gandu da ke riƙe da takardar izini, ga ƙasa a halin yaƙi tun Afrilun 2023, jami'o'i sun watse, albashi sai a hankali, wataƙila wannan binciken ne ke ciyar da gidanshi da na mutum nawa a ƙarƙashinshi. Mai yiwuwa a wajen shan shayi wani jami'i ya ce mishi ku bamu sunaye, shi kuma ya ce ba damuwa ba tare da ya yi tunani ba, yanzu yana jin kunyar komawa. In kuma shi masanin itatuwa ne ko na taswira, bai taɓa zama da dattijo yana lallaɓa shi ya yi magana ba, zai iya yiwuwa da gaske bai san girman abin da yake tambaya ba. Su ma masu gandun kar ki raina damuwarsu, ma'aikata ne 'yan kaɗan da mota ɗaya ko babu, an ɗora musu daji mai faɗin gaske. Ɗauki gandun Dindir misali, tun 1935 aka keɓe shi, faɗinshi ya kai wajen murabba'in kilomita 10,000, ya taɓo Sinnar da Gadarif da Blue Nile har iyakar Habasha, duk rani wuta na bi ta cikinshi, tana cin ciyawar da ɓauna da gwambaza ke dogaro da ita, in ƙasa ta tsiraita kuma ruwan damina ya kwaso laka ya cike tafkunan nan da ake ce wa maya. Wanda aka ba amanar irin wannan wuri dole ya so ya san wa ke kunna ashana.

Sai dai sunayen ba za su kashe musu wuta ko ɗaya ba, kuma wannan ce hujjar da zaki shiga da ita wajen Duktur, dan ta fi kuka da rantsuwa tasiri. An gwada hanyar kamu da tara a wurare da yawa. A Mali cikin shekarun 1980 gwamnatin Moussa Traoré ta haramta ƙona daji kwata-kwata, ana cin ƙauye guda tara in aka ga wuta a yankinsu, abin da ya biyo baya shi ne mutane suka koma sawa a ɓoye su gudu, ba mai tsayawa ya kula da ita, ga gaba mai tsanani da ta shiga tsakanin talakawa da malaman daji, bayan faɗuwar gwamnatin a 1991 dole aka sassauta dokar. Amurka ma da duk kuɗinta haka ta yi. Bayan gobarar 1910 da ta ci kusan eka miliyan 3 a Idaho da Montana, hukumar gandun dajinsu ta ɗauki wuta abokiyar gaba, a 1935 suka kafa ƙa'idar cewa duk wutar da aka gani a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari, suka hana 'yan asalin ƙasar toyin da suka gada. Shekaru suka tafi, busassun itace da ganye suka taru a ƙasa, da wutar ta zo sai ta zo da ƙarfin da ba'a saba gani ba. A 1978 suka ajiye waccan ƙa'idar, yau ga su suna sa wuta da kansu da lissafi, har suna komawa wajen ƙabilu irin su Karuk da Yurok a Kalifoniya suna tambayar yadda kakanninsu ke yi. Dajinsu ba irin namu bane, nasu manyan itatuwa ne namu ciyawa ce da ƙayoyi, kar ki kwafo maganinsu kai tsaye, amma kuskuren iri ɗaya ne, a zauna a ofis a yanke hukunci kan wuta ba'a tambayi masu zama da ita ba.

Kuma ke kin fi ni sanin cewa a yankinku maganar wuta maganar ƙasa ce. Dokar filaye ta 1970 ta mayar da duk filin da ba'a yi wa rajista ba mallakin gwamnati, wanda kusan duk gonakin gado da makiyaya kenan. A farkon shekarun 1970 ɗin aka rushe mulkin gargajiya na su nazir da omda da shehu, alhali su ne ke tara mutane bayan damina a share layukan tare wuta, su ne kuma ke sanin wa ya sa wuta a ina su hukunta shi a gida. Noman tarakta da aka fara a yankin Gadarif tun tsakiyar shekarun 1940 ya bazu bayan kafa hukumarshi a 1968, manyan mashru'ai, wato gonakin tarakta masu feddan dubu-dubu (feddan kusan eka ɗaya ce), suka cinye fili, burtali ya matse, ƙananan manoma da makiyaya aka tura su gefe, gefen nan kuwa sau da yawa bakin gandu ne. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 makiyayan da ke gangarawa can da rani wasu suka rasa hanya suka dawo suka ƙara cunkoso. Yanzu kuma ga 'yan gudun hijira, ga gawayi ya zama sana'ar wanda ya rasa komai. Mutumin da aka ce mishi ƙasar da kakanshi ya sassabe ba tashi bace, dajin da ke bayan gidanshi shiga cikinshi laifi ne, in ya hango hayaƙi me zai sa ya ɗauki reshe ya ruga kashewa? Wannan tambayar ita ce aikinki, jerin sunaye baya amsa ta.

Sannan ba duk wuta ce ɗaya ba, na tabbata hirarrakinki cike suke da wannan. Akwai toyin farkon kaka, lokacin gindin gamba da ɗan danshi, makiyayi ya sa ta da yamma iska ta kwanta, ta ɗan lasa sama-sama tana tsallake wasu wurare, raɓar dare ta kashe ta, bayan 'yan kwanaki toho ya fito shanu su samu kore, kaska ta ragu, kuma wurin da ta ci ya zama katanga ga wutar da zata zo daga baya. Akwai ta tsakiyar rani, komai ya bushe ƙayau, iska na kaɗawa, wannan ita ce mai hawa kan itace ta kashe dakwara ta rage ƙaro, ta shiga gonar da ba'a gama kwashe dawa ba, ta lashe bukkoki. Akwai harig da manoman ƙasar laka suka daɗe suna yi, a bar ciyawa ta taru shekara biyu ko fiye, ruwan farko ya sauka sabuwa ta tsiro, sai a ƙone tsohuwar ta tafi da sabuwar a shuka dawa a fili mai tsabta. Akwai ta mafarauci, akwai ta mai gawayi, akwai ta direban da ya yar da guntun taba, akwai ta mai jin haushin hukuma. Masana irin su Paul Laris da ya daɗe yana aiki a Mali sun nuna cewa toyin wuri da mutanen karkara ke yi kashi-kashi tsari ne mai hikima, yana yanyanka daji yadda babbar wuta bata samun hanya miƙaƙƙiya. A arewacin Ostireliya, yankin Arnhem ta yamma, tun 2006 ake biyan 'yan asalin ƙasar su yi toyin wuri saboda yana rage gobarar ƙarshen rani da hayaƙinta. Abin da ake kama mutum a kanshi a wani wuri, a can albashi ake bashi.

Yanzu kuma in juyo kanki, dan bana son tausayin dangi ya sa ki rubuta rahoton wanke mutanenki. Abin da kawunki ya yi ɓarna ce. Kin san yadda ake yi, dare ya yi a ɗaure damin busasshiyar ciyawa a kunna, a hau bishiya ana tura hayaƙi cikin kogo, ƙudan zuma su taso su rufe mutum, zafin harbi ya sa ya saki damin ya faɗo ƙasa da wutarshi, shi yana ta kanshi ya sauko da ƙwarya, kafin ya waiga ciyawa ta kama. Wasu ma sare bishiyar suke gaba ɗaya. Wannan ki rubuta shi ƙarara, cewa ɗiban zuma da wuta a tsakiyar rani na cikin abubuwan da ke tada gobara a yankin, ba tare da sunan kowa ba. In kika ɓoye shi dan kawu, kin ci amanar aikin kamar yadda bada suna zai zama cin amanar mutane. Kuma ki faɗa wa Duktur da kanki cewa akwai danginki a cikin waɗanda kika yi hira dasu, ba sai kin ce wane ko me ya faɗa ba, ki nemi wani abokin aiki ya duba yadda kika fassara wannan ɓangaren, ko a rubuta a rahoton cewa mai tattara bayanan 'yar yankin ce. Gara ya ji daga bakinki da ya tsinta a wani wuri ya ce dama shi yasa.

Kawu kuma ki same shi ku biyu, a matsayin 'yar yayarshi ba ma'aikaciya ba. Ki ce mishi maganarshi na nan a rufe, amma Kawu wutar nan in ta sake kuɓucewa wataran gonar wani zata ci ko ɗan wani. Akwai gwangwanin hayaƙi mai mafuri da masu kiwon zuma na zamani ke amfani dashi, garwashin na ciki a rufe, maƙeri na gari zai iya ƙera shi in ya ga samfuri, akwai kuma kafa amya a kusa da gida maimakon bin kogo cikin gandu. In da hali cikin albashinki ki saya mishi, wannan kyautar ta fi atamfa.

Toh me zaki kai wa Duktur a madadin sunaye, dan kar ki je mishi hannu rabbana da a'a kawai. Ki kai mishi kalandar wuta. Wata-wata, wane rukunin mutane ke sa wuta, a wane irin wuri, dan me, wacce ce ke kuɓucewa, wacce ce mutane da kansu ke ƙorafi a kanta. Sai ki haɗa da bayanan tauraron ɗan adam, hukumar sararin samaniyar Amurka NASA na da shafin FIRMS kyauta, yana nuna inda aka hango wuta kusan kullum daga na'urorin MODIS da VIIRS, na farkon kowane ɗigo kusan kilomita ɗaya ne, na biyun mita 375, kuma ana iya sauke na shekarun baya. Ki sani yana kuskure ƙananan wuta da waɗanda suka mutu kafin ya wuce ta sama, wato dai toyin wurin nan da muke yabo shi ya fi ɓace mishi, nan ma hirarrakinki ne zasu cike giɓin. Tauraro zai faɗi ina da yaushe, dalili kuwa sai wanda ya zauna da mutane. Da wannan masu gandu zasu san wane wata za'a share layin wuta, a wane gefe, da wa za'a zauna, shehun makiyaya ko masu zuma ko masu mashru'i. Ki ba Duktur shawarar ya kai musu wannan a matsayin haɗin kan da suke nema, har da tayin zama tsakaninsu da dattawan ƙauyuka. Jami'i mai hankali zai gane ya samu abin da yafi sunan mutum goma da zai kama yau gobe ƙauye ya rufe mishi baki har abada.

Kafin ki je, ki nemo takardu uku ki karanta da kyau, kwantiraginki, takardar neman yardar da kuke karanta wa mutane kafin hira, da takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike in akwai. Kusan tabbas zaki ga an rubuta za'a sirranta masu bada bayani. Sai ki tura mishi saƙo a rubuce, gajere, da ladabi, Duktur barka da aiki, game da jerin sunayen, takardarmu ta yi wa mutane alkawari kaza, ina tsoron in muka saɓa zai jawo wa binciken matsala wajen masu bada kuɗi da mujallar da zata buga, ga abin da nake ganin zamu iya bayarwa. Kinga kin nuna mishi kina kare shi ne shima, kuma gaskiya ne, mujallar kirki bata buga aikin da aka karya wannan ƙa'idar. Kar ki yi mishi gardama a gaban mutane, manyanmu in aka ƙure su a bainar jama'a sai su kafe ko sun san basu da gaskiya. In ya nace, sai ki nemi kwamitin ɗa'ar ko jami'in da ke kula da binciken a ɓangaren masu kuɗin, ki kuma sanar dashi zaki yi hakan, kar ki zagaye shi a ɓoye.

Wayar nan taki kuma ita ta fi tada min hankali. Kina yawo da muryoyin mutane suna amsa laifi, a ƙasar da ake tsayar da mota a shinge a karɓi waya a bincika. Yau ɗin nan ki kwashe su zuwa wuri mai lambar sirri wanda baya tafiya dake, ki rubuce hirarrakin ki sa wa kowa lamba maimakon suna, takardar da ke haɗa lamba da suna ki ajiye ta daban. Ki kula da bayanin da ke tona mutum ko ba suna, in kika rubuta mai zuma ɗan shekara sittin a ƙauye kaza, kowa ya san shi. Amma kar ki goge komai gaba ɗaya da ra'ayin kanki, za'a iya cewa kin lalata kayan aiki, ki bi abin da takardar binciken ta ce kan ajiya da gogewa.

Baba kuma 'yata, tsoronshi ba na banza bane. Duk Bahaushen Sudan ya san abin da ya faru a Blue Nile a watan Yuli da Oktoban 2022, rikicin da tushenshi ƙasa da sarauta, rayuka da yawa suka salwanta dubbai suka bar gidajensu. Dattijon da ya ga wannan in ya ji 'yarshi na rubuta wa ke ƙona dajin gwamnati, abin da zai faɗo mishi shi ne gobe a ce Hausawa ne, ko a ce 'yar gidan wane ce ta kai ƙarar mutane. Kar ki je mishi da bayanin digiri. Ki samu lokacin da ya natsu, ko ki tafi da wanda yake jin maganarshi, ki ce Baba an nemi sunaye na hana kuma bazan bayar ba ko zan rasa aikin. Wannan jumlar yake son ji. Sannan ki tambaye shi yadda ake share layin wuta a zamaninsu da wanda ke kiran gayya, zaki sha mamakin abin da zai fito, kuma daga ranar zai fara gane yawon tambayar da yake faɗa. A rahoton ma ki guji jingina wuta ga ƙabila, ki rubuta sana'a da lokaci, dan takarda na iya faɗawa hannun wanda zai yi siyasa da ita. In ya saurare ki duk da haka ya ce a'a, ki roƙi ya bari ki kammala wannan kwantiragin ki rufe bayanan yadda ya kamata, dan in kika fice yau fayil ɗin na hannun wasu kuma babu mai tsaya wa mutanen.

Maganar sunanki a takarda kina da gaskiya, wanda ya tsara tambayoyi ya yi hirarraki ya fassara ya fitar da ma'ana ya wuce godiya a ƙasan shafi. Amma kar ki haɗa ta da rigimar sunaye a zama ɗaya, zai ga kamar ciniki kike. Ki bari wancan ya lafa, sai ki ce kina so ki rubuta sashen hanyar bincike da na sakamakon hirarraki da hannunki, ki tambaye shi me ake buƙata mutum ya shiga cikin marubuta, ki samu amsar a rubuce. Ki kuma nemi izinin amfani da bayanan a karatun digirin digirgir ko wata takarda da zaki jagoranta. A wannan matakin na rayuwarki takarda ɗaya mai sunanki da wasiƙar shaida mai kyau sun fi albashin wata shida daraja.

Jidda kuwa kar ki rufe ƙofar, kar kuma ki faɗa da gudu. Ki tambayi Yaya dalla-dalla wane aiki, da wace biza, dan bizar ziyara bata halatta aiki, iƙama kuma sai da mai ɗaukar nauyi, ga ayyuka da dama an keɓe wa 'yan ƙasa. Nema miki wani abu na iya nufin zaman gida kina jiran waya. Amma fanninki na da rai a can, duwatsun Asir da Baha na fama da gobara a dazukan itacen ar'ar, suna da cibiya ta ƙasa mai kula da tsirrai da yaƙi da hamada, sun ƙaddamar da shirin dasa bishiya biliyan 10 a 2021, Riyad ta karɓi babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan hamada a Disambar 2024, ga tsohon tsarin hima na keɓe makiyaya da ƙabilu ke kula dashi tun kafin Musulunci, wanda masana ke ta komawa kanshi. In zaki tafi, ki tafi ta hanyar gurbin karatu da tallafi, ki nema a jami'o'in can da na wasu ƙasashe tun yanzu, da wannan aikin na gandu a hannunki a matsayin abin nunawa. Masu iya karanta taswirar wuta suna da yawa, wadda zata zauna da bafulatani da bahaushe da balarabe kowa ya faɗa mata gaskiya da harshenshi kuwa ba'a samunta a kasuwa.

In kuma duk kin bi waɗannan Duktur ya ce ko sunaye ko ƙofa, toh ki ɗauki ƙofa, ki rubuta takardar ajiye aiki mai faɗin dalili a fili ba zagi, ki aika kwafi ga kwamitin, ki sanar da dattawan da suka karɓe ki cewa kin tafi kuma baki bada kowa ba. Zai yi ciwo, kuɗi zai yanke, ina sane. Amma ban jin za'a kai nan, yawanci in ƙaramin ma'aikaci ya sa magana a rubuce da ladabi ya kuma kawo mafita, babba na samun hanyar sauka ba tare da ya ji kunya ba. Ki yi istihara, ki fara da wayar yau, saƙon Duktur kafin ƙarshen sati, Baba kuma bayan sallar Juma'a in ya ci ya ƙoshi. Ki rubuto min abin da Duktur ya ce, in amsar ta zo a murɗe zamu duba ta tare kafin ki mayar. Allah ya tsare ki, ya miki albarka.